Mu biyar, manhaja ɗaya, da littafin bashin Kawu

A aji uku ake yi mana kwas ɗin da ake koyon gina manhaja a ƙungiyance, kuma malamin da ya ɗauke mu ba ya barin ɗalibi ya zaɓi abokan aikinsa. Takardar sunaye ya ɗauka ya yi ta yankawa biyar-biyar, inda alƙalaminsa ya faɗa nan ka faɗa. Ya ce dole manhajar ta kasance akwai wani mutum a cikin garin Jos da zai yi amfani da ita, ba wani kamfanin da muka ƙirƙira a baki ba. Dole aikin ya zauna a GitHub, shafin intanet da masu gina manhaja ke ajiye aikinsu. Sannan ranar kare aiki ba rahoto kaɗai zai duba ba, zai buɗe tarihin aikin ya ga wa ya rubuta me, kuma yaushe. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa aji ya yi tsit, don kowa ya san yadda aikin gurup ke tafiya tun daga aji ɗaya: mutum ɗaya ya yi, saura su kawo kuɗin firintin.

Ni daga Unguwar Rogo nake zuwa. An haɗa ni da wata 'yar Bukuru, da wata 'yar Pankshin, da wani ɗan Bauchi mai zama a hostal ɗin Naraguta, sai wani ɗan Rikkos da duk ajin ya san gwani ne, tun yana sakandare yake rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi. Turanci ne na lakca, amma da an zauna aiki Hausa ce ke haɗa mu, kamar yadda take haɗa kowa a garin nan. Sa lokacin haɗuwa ma sai da aka yi ciniki: Juma'a da rana wasu na masallaci, Lahadi da safe wasu na coci, aka tsaya a kan Asabar da yammacin Laraba.

Yawancin gurup-gurup sun faɗa kan abin da aka saba, manhajar ɗakin karatu ko ta asibiti, irin waɗanda ake kwafowa daga intanet a sauya musu launi. Mu kuwa ina da kawu dillalin kayan gwari a kasuwar Farin Gada, wadda ba ta da nisa da makaranta. Nan ake sauke tumatir, kabeji, karas, da dankalin turawa na Bokkos da Mangu, a yi lodi zuwa kudu. Muka je masa da takarda cike da abubuwan da muka yanke cewa yana bukata: rajista da imel, kalmar sirri, da jadawali mai launi-launi da zai nuna masa ribar wata.

Kawu ya saurare mu har muka gama, yana zaune a kan benci, 'yan dako na wucewa da kwanduna a ka. Sai ya ce, “Yara, ni ba riba ce ke hana ni barci ba. Bashi ne.”

Ya yi mana bayani. Manomi ya kawo kaya ya damƙa masa. Ɗan kasuwa ya zo daga Legas ko Fatakwal ya yi lodi, ya biya rabi, ya ce ciko sai ya sauke ya sayar. Manomi bai san ɗan kasuwa ba, dillali ya sani, don haka idan ciko bai zo ba, ƙofar dillali zai buga. La'adar da yake samu ba ta kai ta rufe asarar lodi ɗaya ba. Abin da yake so kawai shi ne ya san wa yake bi, nawa, tun yaushe, kuma wa ke bin sa.

Sai ya zaro littafin daga ƙarƙashin tabarma. Dogo ne mai bangon kwali, an ɗaure shi da roba, gefen takardun ya yi baƙi saboda shafa. Kowane mai saye da shafinsa, kuma ba sunan yanka ake rubutawa ba, laƙabi ne: wannan mai jar hula, wancan madam ta Onica. Adadi da boko, ƙarin bayani a gefe da ajami. 'Yar Pankshin ta lura babu inda aka goge ko aka soke komai, ta ce, “Baba, in aka yi kuskure fa?” Ya ce, “'Yata, ba a goge lissafi. Sai dai ki sauko layi na ƙasa ki rubuta gyara. Wanda ya goge, ko da gaskiyarsa, ya ja wa kansa zargi.” Ta rubuta maganar a littafinta, mu kuwa muka wuce ta.

Daga wannan zaman rabin takardarmu ya tafi kwandon shara. Kawu ba shi da imel. Waya biyu za ta yi aikin, tasa da ta yaronsa mai tsayawa wajen lodi, kuma sabis a tsakiyar kasuwa zuwa yake yana ɗaukewa, don haka dole manhajar ta yi aiki ko babu data.

Zaɓen kayan aiki bai ɗauke mu lokaci ba. Flutter na Google a ɓangaren waya, da SQLite a cikinta don ajiye bayanai, sai Django na harshen Python a kan saba, wato kwamfutar intanet da wayoyin za su riƙa tura wa bayanai. Matsalar kawai ita ce laftof biyu ne a cikinmu ke iya ɗaukar Android Studio, manhajar da ake gina manhajojin waya a cikinta, ba tare da sun sandare ba, sauran sai dai a jona waya da igiyar caji a gwada kai tsaye.

Muka raba aiki yadda hankali ya fi kwanciya da shi. Gwani ya ɗauki fuskar manhaja, 'yar Pankshin ta ɗauki rumbun bayanai, ni na ɗauki saba, 'yar Bukuru ta ɗauki saƙon tes da za a riƙa tura wa masu bashi, ɗan Bauchi ya ce shi zai rubuta rahoto. Kowa ya koma ɗakinsa, aka ce a haɗu a tsakiyar zango a jona. A lokacin GitHub ɗin namu kango ne. Ainihin aikin a WhatsApp yake yawo, fayil a dunƙule, wannan sunansa “final”, wancan “final2”, wani kuma “final na gaske”.

Ranar jonawa muka zauna a wani ajin da babu kowa, kusa da soket ɗaya tilo mai aiki, ga sanyin Jos yana shigowa ta taga. Ɓangaren kowa yana aiki lafiya lau a kwamfutarsa. Da aka haɗa, sai ido ya raina fata. Gwani yana aiko da sunan mai saye a ƙarƙashin wani suna, saba na jiran sa a ƙarƙashin wani. Muka gyara wannan. Sai muka shigar da bashin gwaji na naira 250,000, waya ta nuna miliyan 25. 'Yar Pankshin a kwabo take ajiye kuɗi, kuma ita ke da gaskiya: kwamfuta ba ta iya riƙe ɗigon lissafi daidai, ka ce wa Python ya haɗa 0.1 da 0.2 zai ba ka 0.30000000000000004, shi ya sa masu harkar kuɗi ke ajiye shi a cikakkiyar lamba. Amma ba ta faɗa wa kowa ba, shi kuma gwani bai tambaya ba. Kwanan wata ma haka. Ɗaya ya rubuta 03/04 yana nufin 3 ga Afrilu, ɗayan ɓangaren ya karanta shi irin na Amurka, 4 ga Maris. Babu wanda kod ɗinsa ke da laifi shi kaɗai. Duk laifin yana wurin da aikin wannan ya taɓa na wancan, kuma wannan wurin ba mu ba wa kowa shi ba lokacin rabo.

Daga ranar muka koma wa Git da gaske, wato manhajar da ke riƙe tarihin duk gyaran da aka yi wa kod. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland, shi ya rubuta shi a 2005 don dubban mutanen da ke aikin Linux daga ƙasashe daban-daban su iya taɓa kod ɗaya ba tare da sun tattake juna ba. GitHub, wanda aka buɗe a 2008 kuma Microsoft ya saya a 2018, wuri ne kawai da ake ajiye aikin a intanet. Yadda abin yake, kowa na da cikakken kwafi a kwamfutarsa, ya buɗe reshensa ya yi gyara, ya ajiye gyaran da ɗan bayani, sannan ya nemi a haɗe reshen da uwar aiki. Wannan ya dace da mu ta wata fuskar da ba mu zata ba: ko an ɗauke wuta, ko data ta ƙare, kana iya ci gaba da ajiye aikinka, sai ka samu sabis ka tura.

Idan mutum biyu suka taɓa layi ɗaya, Git ba ya zaɓa musu. Zai ajiye na wannan a sama, na wancan a ƙasa, ya raba su da jerin alamomi, ya ce ku sasanta. Karon farko da 'yar Bukuru ta ga haka ta zaci aikin ya lalace ne, ta kira ni da dare muryarta na rawa. Muka bi layukan ɗaya bayan ɗaya a waya har muka fita. Bayan mako biyu ita ke koya wa ɗan Bauchi.

Rabon aikin ma muka rushe shi. Maimakon wannan fuska, wancan saba, sai muka yanka shi ƙanana, kowane yanki daga allon waya har rumbun bayanai: “a iya ƙara sabon mai saye”, “a iya rubuta biya”, “a ga jimillar bashin mutum”. Mutum biyu su ɗauki yanki ɗaya, su gama shi cikin 'yan kwanaki, a haɗe. Muka rubuta shafi ɗaya da ya ƙunshi sunan kowane bayani, da cewa kuɗi kwabo ne, kwanan wata kuma shekara ce farko, sai wata, sai rana. A littattafai ana cewa ƙungiya ta riƙa taron tsaye na minti 15 kullum. Mu da kuɗin keke ya ninka bayan cire tallafin mai a 2023, ba mai iya wannan. Kowa dai ya aiko da saƙon murya kafin ya kwanta: ga abin da na yi, ga inda na maƙale.

Doka mafi wuya ita ce ba a haɗe aikin kowa sai wani ya karanta ya amince. A takarda abu ne mai sauƙi. A aikace kuwa, mu mutane ne masu kunya da kara. Ka ga kuskure a aikin abokinka, ka rasa yadda za ka faɗa kada ya ce ka raina shi, sai ka danna amincewa ka yi shiru. 'Yar Pankshin ce ta fasa wannan ƙwan. Ita ba ta cewa ka yi kuskure, tambaya take jefowa: “In mutum ya biya fiye da abin da ake bin sa, me zai faru a nan?” Ka koma ka duba, ka ga manhaja rufewa take yi. Kowa ya ɗauki salonta.

Ana yawan kuka da cima-zaune a aikin gurup, kuma muna da shi. Ɗan Bauchi ya ɗauki rahoto ne don yana tsoron kod, ba don lalaci ba, kuma da aka zaunar da shi kusa da wani, kibod a hannunsa, ya fara motsi. Wanda ya fi ba mu wahala gwani ne. Sai ka kwana uku kana fama da wani yanki, ka wayi gari ka tarar ya sake rubuta shi gaba ɗaya cikin dare, ya tura kai tsaye ba tare da kowa ya duba ba. Nasa ya fi naka kyau, ba musu. Amma yanzu ba wanda ya fahimci wannan ɓangaren sai shi, kai kuma gwiwarka ta yi sanyi. A ganina irin wannan ya fi malalaci illa, don malalaci mutum ɗaya ya rage muku, shi kuwa huɗu yake mayarwa 'yan kallo. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi muka kasa taɓa allon biya, sai da ya warke. Bayan nan muka kulle uwar aiki a GitHub yadda ko shi ba zai iya turawa ba sai da amincewar wani. Ya yi fushi, ya ce muna ɓata masa lokaci. 'Yar Bukuru ta ce, “Malam, ranar difens ba kai kaɗai za a tambaya ba.”

Ana cikin haka wani ɗan ajinmu da gurup ɗinsa ya watse ya nemi mu karɓe shi. Muka kai wa malam maganar muna murna za mu samu ƙarin hannu. Ya ɗauki alli ya diga ɗigo biyar a allo, ya ja layi tsakanin kowane biyu, layi 10. Ya ƙara ɗigo ɗaya, suka zama 15. Ya ce Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360 a kamfanin IBM, tun 1975 ya faɗa cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara ƙara masa makara yake yi, don sabon zuwa sai an tsaya an koya masa. Ya tura yaron wani gurup ɗin da bai yi nisa ba.

Baƙaƙenmu masu lanƙwasa sun ci mana lokaci fiye da yadda kowa ya zata. Yaron Kawu ya rubuta laƙabin wani da Ɗ, washegari ya neme shi da D, manhaja ta ce babu irin wannan mutum. A wurin kwamfuta haruffa biyu ne da ba su haɗa komai ba. Dabarar da ake cire wa é ta Faransanci alamarta a mayar da ita e ba ta aiki a kan ƙ, ɗ da ɓ, sannan SQLite bai san Ƙ babba da ƙ ƙarama abu ɗaya ba ne, na Turanci kawai yake ganewa. Dole muka rubuta namu ɗan jadawalin, a ajiye suna yadda aka rubuta shi, amma wajen nema a miƙe lanƙwasar. Sai kuma saƙon tes. 'Yar Bukuru ta ga kuɗin gwajinmu na ƙarewa da wuri, ta bincika. Tes ɗaya na ɗaukar harafi 160, amma da ƙ ɗaya ta shiga ciki, ko alamar naira, sai tsarin ya sauya, iyakar ta koma 70. Saƙon tunin bashi da ya kamata ya tafi a ɗaya sai ya tafi a biyu ko uku. Ba da son ranmu ba muka cire lanƙwasa a tes, muka sa N a madadin alamar naira, a cikin manhaja kuwa muka bar Hausa da ƙa'idarta.

Babbar matsalar ta zo daga baya. Waya biyu, duka babu sabis. Ana bin mutum 100,000. Ya ba yaro 30,000 a wajen lodi, wayar yaro ta mayar da bashin 70,000. Ya aiko wa Kawu 20,000, wayar Kawu ta mayar da shi 80,000. Sabis ya dawo, kowace ta tura wa saba nata, wadda ta zo ƙarshe ta danne ta farko. Ko 70,000 ko 80,000, alhali gaskiyar 50,000 ce. Muka yi ta zane a allo, gwani na kawo dabarar kwatanta lokaci, ni ina cewa agogon wayoyin ma ba ɗaya ba ne. Sai 'yar Pankshin ta buɗo littafinta ta karanto maganar Kawu. Ta ce mu daina ajiye jimilla kwata-kwata. Mu ajiye layuka kawai: ya ɗauki kaza, ya biya kaza, gyara kaza. Ba a sauya layi, ba a goge shi. Wayoyi su riƙa musayar layukan da ɗaya ba ta da su, jimilla kuwa a lissafa ta duk lokacin da aka buɗe shafi. Kowane layi muka ba shi doguwar lambar shaida da waya ke ƙirƙira da kanta, ta yadda ko sabis ya yanke aka sake turawa, saba zai gane ya riga ya karɓa, ba zai lissafa sau biyu ba. Wannan gyaran ya taɓa kusan kowane fayil, kuma da a tsohon rabonmu ne da ba mu iya shi ba. Mun iya ne saboda a lokacin kowa ya taɓa shiga kowane ɓangare.

Malam ya kuma tunatar da mu cewa lambobin waya da bashin mutane amana ce, akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023. Don haka duk gwajin da muka nuna a aji da sunayen bogi muka yi shi, kuma muka sa wa manhajar lambar sirri mai guda huɗu, wadda Kawu ya yarda da ita saboda ya saba da ta katin banki.

Ranar difens malam bai bari mun bi shafukan majigin da muka shirya ba. Ya karɓi wayoyin biyu, ya kashe musu data da hannunsa, ya rubuta biya a kowace, ya kunna, ya tsaya yana kallon jimilla. Ta fito daidai. Sai ya buɗe tarihin aikin ya fara tambaya a karkace: mai saba a tambaye shi allo, mai tes a tambaye ta rumbun bayanai. Ɗan Bauchi ya yi gumi duk da sanyin safiya, amma ya bayyana yadda neman suna ke aiki, don shi ya rubuta jadawalin haruffan. Gwani kuwa tambayar da aka yi masa ita ce me ya sa a makonnin farko sunansa ne a kusan komai, kuma sau nawa ya karanta aikin wani. Makin da muka samu ba ɗaya ba ne, kuma ba shi ya zo na farko ba.

Zangon da ya biyo baya kowa ya tafi SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, wanda hukumar ITF mai hedikwata a nan Jos ke kula da shi, biyu daga cikinmu suka samu wuri a Abuja. Manhajar na nan a wayar yaron Kawu, shi ke shigar da komai, da yamma su zauna su gwada da littafi, don Kawu bai ajiye littafinsa ba. Akwai ayyuka da suka rage a jerinmu na GitHub, ciki har da fitar da rasit da kuma wanda zai riƙa biyan kuɗin saba. Na kai wa Kawu maganar kuɗin, ya ce zai biya na shekara guda in muka sa masa wurin da zai yi rubutunsa na ajami. 'Yar Pankshin ta riga ta kai wa sufabaizanta wannan a matsayin furojet ɗinta na aji huɗu, kuma ta ce reshen farko ni zan duba mata.